Gonar da Biba ta Shuka Ita Kaɗai

Abu guda nake so a ce ban aikata ba a duniya. Sau biyu aka tambaye ni ko wata mata ta kawo mini kuka, sau biyu na ce ba ta kawo ba, alhali ta kawo. Sunanta Biba, matar abokina Sanda. Karatuna bai yi nisa ba, shekara huɗu na yi a lakkwal, makarantar boko, a Filinge, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna.

Bana ruwa ya yi jinkiri a Kurfai. Hadari kan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman wurin kwana, sai iska ta zo ta watsa shi. Ni kaɗai nake a gida yanzu. Mai ɗakina ta rasu, yara kuma wasu suna Yamai, wasu sun haye Libiya. Kwanan baya na je shagon da ake cajin salula, na tarar da samari sun haɗa kai a kan waya guda. Labarin wani attajiri suke kallo a wata ƙasa mai nisa, wanda aka ce yana kai wa manyan mutane mata, su kuma suna tsare masa baya. Suna ta tsaki, suna cewa wannan sai can. Ɗayansu ya juyo ya tambaye ni ko a zamaninmu an taɓa jin irin wannan. Na ce masa lokacin salla ya yi, na ɗauki sandata na tafi. Ban yi barcin rana ba ranar nan, kuma tun daga sannan shekarar yunwa take dawo mini kamar jiya.

Damina biyu a jere gero bai yi ba. Ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya, ya bushe a tsaye. Rumbuna suka zama wurin ajiye igiya da tsofaffin ƙore. Maza ba su jira kaka ba, tunda babu kakar da za a jira, suka ɗaure kaya suka nufi kudu cin rani. A wajenmu idan mutum zai yi irin wannan tafiya, yakan zaɓi namiji guda ya bar masa gidansa amana. Mai amana shi ke gyara danga idan ta faɗi, shi ke magana da bakin matar a ƙofar maigari, shi ke kiran gayya a shuka mata gona idan ruwa ya riga mijin zuwa. Ranar da matafiyi ya dawo kuwa, ba ya shiga gidansa sai ya fara biyawa wurin mai amana, ya sha ruwa, ya ji yadda aka bar gida da yadda aka same shi. Abin da mai amana ya faɗa, shi ne magana.

Sanda ni ya zaɓa. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki. Ya zo da hantsi, jakarsa a kafaɗa, ya kama hannuna ya ce ga Biba nan da yara biyu, ba ta da kowa a garin nan sai ni. Gaskiya ya faɗa. Biba Bazabarma ce daga ƙasar Tondikandiya, ba ta da wa ko ƙane a kusa, Hausarta ma a karkace take fita. Ni ban tafi ba saboda maigari kawuna ne, kuma ni kaɗai na iya rubuta sunaye, sai ya riƙe ni kusa da shi.

Bazarar shekarar nan ban sake ganin irinta ba. Rairayi yakan ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Guga ya shiga rijiya ya dawo da rabin laka, a tace da gefen zane a sha. Tun asuba mata suke fita daji neman anza, ƴaƴan wani ɗan itace mai ɗaci, su dawo rana tsaka, su ɓare ta, su jiƙa, su yi ta sauya mata ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu. Ko an dafa, tana barin wani ɗanɗano a maƙogwaro kamar an lashi ƙarfe. Wasu suna haƙa gidan tururuwa su kwashe ɗan tsabar da ta tara. Wasu suna kakkaɓo ƙarangiya su sheƙe ta, hannuwansu duk ƙaya. Shanu suka riƙa kwanciya a bakin gari ba su tashi. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Garin da aka saba farkawa da ƙarar turmi ta kowace kusurwa, sai ga shi gari ya waye babu tabarya ko ɗaya da ke sauka. Yara ma sun bar wasa, suna zaune a inuwar katanga, ƙuda na yawo a fuskarsu ba su kora.

Ana cikin haka aka ce taimako ya iso, jar dawa a buhuna. Wanda aka ba aikin ɗauko ta da rarraba ta wani attajiri ne da kowa ke kira Alhaji Mai Kamyo. Mangazarsa, inda yake ajiye kaya, tana Filinge, kuma shi ke cewa yau kamyo, babbar motar kaya, ya bi ta wannan hanya, gobe ta waccan. Yana da lambu a cikin fadama, tafiyar rabin yini daga garinmu, da gida na siminti a ciki. Ranar da na fara shiga wurin sai da idona ya yi ruwa don ganin kore: mangwaro, gwaiba, ruwa na gudu a ƴar magudana. Duk ƙarshen mako motoci kan zo daga Yamai, manyan gwamnati su sauka su huta, wasu da kaki, wasu da manyan riguna. Su ne masu sa hannu a takardun da ke ba Alhaji aikin hatsi.

Akwai al'ada tun ta kakanni, idan babban baƙo ya sauka a ƙasa, garuruwan kusa sukan aika mata su yi masa daka da ɗiban ruwa, maza su kai itace. Babu abin kunya a ciki, uwata ma ta yi, takan dawo mana da sauran tuwo da goro. Don haka da direban Alhaji ya zo ya ce ana son mata huɗu kowane mako don daka, ba wanda ya tambayi komai. Maigari ya ce in riƙa rubuta sunaye. Direban ya ja ni gefe ya ce kada in sa tsofaffi, aikin da nauyi, kuma in zaɓi waɗanda mazansu ba sa nan, don kada wani maigida ya rasa mai dafa masa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban gane ba. Amma ranar da na je lambun nan na ji ƙarar injin niƙa a bayan gida da kunnena. Gidan da ke da inji, me zai yi da masu daka?

Matan sukan tafi a bayan mota, su dawo bayan kwana biyu da tiyar shinkafa da sabulu. Na lura ba sa shigowa gari tare. Kowace takan sauka tun daga nesa ta bi ta bayan danga zuwa gidanta. Ba mai cewa komai. A mako na uku na rubuta sunan Biba. Na ce wa raina alheri nake yi mata, yaran Sanda za su ci shinkafa. Can ƙasan raina kuma na san ita ce wadda ba ta da ɗan'uwan da zai zo ya tsare ni da tambaya.

Ranar da ta dawo, da azahar, ina gyara dangarsu da iska ta kayar. Ta fito ta tsaya daga ciki, kara tsakanina da ita. Ba ta gaishe ni ba.

Ta ce, "Malam Isa, ka san abin da aka kai mu yi can?"

Na ce daka.

Ta ce, "Ban ga turmi ba. Ɗaki aka gwada mini, aka ja ƙyaure. Na ce ina da miji, aka ce an sani. Kai aka bar ma amana, shi ya sa kai nika hwaɗa ma."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce shinkafar ta dafa wa yara, ita ba ta ci ba. Ni kuwa ina riƙe da igiya a hannu, na ce ta yi haƙuri, ta rufa wa kanta asiri har Sanda ya dawo. Ta dube ni ta cikin karan, ta juya ta shige ɗaki.

Na kai maganar wurin maigari. Ya saurare ni har ƙarshe. Sa'an nan ya nuna mini wajen maƙabarta da haɓarsa, inda ƙananan kaburbura suka yi sabon layi a watan nan, ya ce idan ran Alhaji ya ɓaci, kamyo zai bi ta wata hanya, kuma ni zan riƙa haƙa sauran. Ya ce in ɗauka ban ji ba. Ba na ɗora masa laifina. Ya faɗi tsoronsa ne, ni na karɓa da hannu biyu saboda ya yi daidai da nawa. Mako na gaba na sake rubuta sunaye huɗu.

Maganar ta fito ta inda ba a zata ba. Akwai wani majo, babban malamin jinya, a gidan likita na Filinge, baƙo ne daga gabas, ya ga irin abin da mata daga garuruwa dabam-dabam ke zuwa da shi, ya tambaya, ya rubuta takarda zuwa Yamai. Kafin mako biyu zancen ya cika kasuwa. Sai aka aiko mutum biyu su yi bincike. A lambun Alhaji suka sauka, direbansa ne ya kawo su garinmu. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin gawon ƙofar maigari, aka tara mutane, aka ce duk matar da ke da magana ta fito.

Cikin dukan waɗanda na rubuta, Biba kaɗai ta tashi, goyo a bayanta. Ta faɗi abin da ya faru a gaban maza, da Hausarta mai karkata, har wasu daga baya suka yi ƴar dariya. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaye ta ko tana da shaida. Ta ce ta gaya wa Malam Isa tun ranar da ta dawo. Duk aka juyo gare ni. Ina ganin direban yana jingine da mota yana sakace haƙori. Na ce daka aka aike su, kuma babu wadda ta kawo mini kuka. Mutumin ya rubuta layi ɗaya, ya rufe littafinsa. Suka ci abinci suka tafi. Majon nan aka ɗauke shi aka jefa can arewa. Bayan kwana uku kamyo ya tsaya a garinmu da hatsi da iri, daga baya ma aka gina mana rijiyar siminti.

Daga ranar Biba ta zama ita kaɗai a gari. Idan ta zo rijiya sai mata su matsa, hira ta mutu. Ana cewa ta nemi toshe wa gari bakin abinci. Waɗanda suka fi ƙinta su ne matan da aka kai lambun, don tsayuwar da ta yi ta sa kowa ya fara duban su.

Sai ruwa ya sauka. Da hantsi ya fara, iska ta kwanta, aka ji wannan ƙamshin ƙasa da ke sa mutum ya ji yunwa da daɗi a lokaci guda. Aka yi shi har azahar. Tsofaffi suka fito suna tona ƙasa da yatsa su ga iyakar inda ya shiga. Mutanen da jiya ba sa iya ɗaga ƙafa, yau suna gudu zuwa gona. Shuka a wajenmu aikin mutum biyu ne: ɗaya a gaba yana sara da sungumi, ɗaya a baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Kuma kwana biyu ne zuwa uku, bayan nan rana ta shanye danshin. Gonakin waɗanda ba su dawo ba, masu amana suka kira musu gayya. Ni ban kira wa gonar Sanda ba. Na ji tsoron a ce na goyi bayanta.

Gonarsu tana jikin tawa, layin gamba ne kawai ya raba mu. Ina ganinta. Takan sari layi guda har ƙarshe, ta ajiye sungumi, ta dawo da baya ta ɗauki ƙwaryar iri, ta bi ramukan tana zubawa tana rufewa, ta sake komawa ta ɗauko sungumin. Kowane layi sai ta taka shi sau uku, da goyo, da cikin da ba komai sai anza. Mai ɗakina da ke bina da iri ta tambaye ni a hankali ko ba zan ƙetara in sara mata ko layi goma ba. Na ce bari mu gama namu. Muka gama namu a rana ta biyu, na saɓa sungumina na koma gida. A rana ta uku tana can, ƙasa ta fara fari, ita kaɗai a duk faɗin dajin.

Sanda ya dawo lokacin noman fari. Kamar yadda aka saba, bai shiga gidansa ba, ya zo zaurena da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ya riga ya ji zancen a tashar Filinge. Na ba shi ruwa ya sha. Muka gaisa, ya tambayi waɗanda suka mutu, na lissafa masa. Sai ya ajiye ƙwaryar.

Ya ce, "Isa, abu guda nika so in ji daga bakinka. An ce ta ce ta hwaɗa maka tun ranar. Ta hwaɗa?"

Da na ce e, da na zama wanda ya aika matar amininsa da hannunsa, kuma wanda ya yi ƙarya a gaban hukuma. Na dubi ƙasa na ce ba ta faɗa mini komai ba.

Ya daɗe yana kaɗa kai. Na san lissafin da yake yi: idan ba ta kai kuka wurin mai amana ba, to da son ranta ta je, sai da zance ya fito ta nemi mafaka. Ya yi mini godiya a kan riƙon gida. Ya buɗe jaka ya ba ni tocila, tsarabata. Na karɓa.

Bayan mako guda aka raba auren, Biba ta bar gari da ƙafa, da ƙaramar a baya, ta nufi wajen Damana, ƙasar iyayenta. Babban yaron aka riƙe shi. Gonar da ta shuka ta yi gero irin wanda aka daɗe ba a gani ba, sai can ƙarshenta inda ta shuka a busasshiyar ƙasa. Sanda bai ci ko zangarniya ɗaya ba. Ya bar wa ƴan'uwansa, ya koma kudu, can ya mutu yana ganin ni ne mutumin da ya riƙe masa amana.

Alhaji Mai Kamyo bai taɓa tsayawa gaban kowa ba. Da zamanin jam'iyyu ya zo ya tsaya takara ya zama depite, wato ɗan majalisa. Aka buga fuskarsa a atamfa, matan garinmu suka ɗaura, har da waɗanda na rubuta sunayensu. Ni ne mai tara masa mutane idan zai zo taro. Baƙin lambunsa kuma ina jin sunayen wasunsu a rediyo, wannan ya zama minista, wancan an ba shi wata babbar kujera. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya yi a gidan nan, saboda haka ba mai barin wani ya faɗi. Ranar jana'izarsa motoci sun cika hanya.

Watan jiya na shiga motar kasuwa na tafi Damana. Na yi ta tambaya har aka kai ni wani ƙauye, gidan ɗiyarta, wadda ke goye a lokacin shukar nan. Na sami Biba a inuwar rumfa tana saƙar tabarma da kaba. Idonta ya yi rauni, amma da na yi sallama ta ce muryar Malam Isa ce. Ta sa aka kawo mini ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni, tun daga injin niƙa har zuwa tocila, na roƙe ta gafara. Hannunta bai bar saƙa ba.

Ta ce, "Ni na san ban yi ƙarya ba, ba sai ka taso daga Kurfai ka gaya mini ba. Gafara kuma ka nema wurin Allah. In kana son ka yi mini wani abu, koma ƙofar maigari inda ka ce ban hwaɗa ba, ka ce na hwaɗa."

Na koma. Ranar Juma'a bayan an sallame, mutane sun taru a ƙofar maigari na yanzu, jikan kawuna, na miƙe da sandata na ce ina da magana. Na ce shekarar yunwa Biba matar Sanda ta faɗi gaskiya, ta kawo mini kuka ranar da ta dawo, ni ne na yi ƙarya a wannan wuri, na kuma yi wa mijinta. Na duba fuskoki ina neman ko mutum ɗaya da ya zauna a ƙarƙashin gawon nan ranar. Babu. Duk sun riga ni tafiya. Ɗanta da aka riƙe ma ya daɗe da barin gari. Wani magidanci a gefena ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi, wace Biba? Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa, kowa ya nemi takalminsa.

Shi ya sa na sayi wannan littafin ƴan lakkwal na zauna na rubuta, ko ya kai inda muryata ba ta kai ba. Wanda ya karanta, ga roƙona. Idan mai ƙarfi ya aiko a ba shi mutane, ku tambayi aikin da za su yi kafin ku ba da suna. Idan wata ta zo ta gaya muku abin da aka yi mata, aka kuma tambaye ku a gaban jama'a, ku ce ta faɗa, a ranar, tun waɗanda ya kamata su ji suna da rai. Kada ku yi yadda na yi.